Yadda na zana SAT daga Kano, da dokokin gyaran jimla da suka fi fitowa

Tun da na zana SAT a watan Oktoban 2024 ƙannen abokaina da 'yan makarantarmu suke ta yi min tambaya ɗaya, wai wane littafi za su saya na gyaran jimlar turanci, ni kuma kullum abin da nake ce musu shi ne kafin a zo maganar littafi ka fara sanin wace SAT ɗin ma kake nufi, don jarrabawar nan ta sauya kama ba sau ɗaya ba, kuma yawancin littattafan da ke yawo a hannun mutane a nan na tsohon yayi ne. Shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta yadda abin ya kasance min tun daga fasfo har fitowar sakamako. Ga wanda bai sani ba, SAT jarrabawar shiga jami'o'in Amurka ce, wata ƙungiya mai suna College Board ke shirya ta, maki daga 400 zuwa 1600, rabi turanci rabi lissafi. Lokacin korona jami'o'i da yawa sun ce ba dole ba ce, amma jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, sannan a 2024 irin su Dartmouth da Brown da Harvard suka sanar su ma sun dawo da sharaɗin jarrabawa, toh mai neman tallafin karatu dai gara ya zana.

Farko Yayana ne ya karɓo min wani littafi mai kauri a wajen abokinsa, cike yake da tambayoyin da za a ja layi a ƙarƙashin kalmomi huɗu a ce ka nuna inda kuskure yake, ko a ce babu kuskure. Na ɗan jima ina fama da shi kafin na lura a bangon an rubuta maki 2400, ashe tsarin da aka daina ne tun 2016. Na gaya wa Yaya, ya ce min "kai dai ka karanta mana, turanci ai turanci ne." Yana da rabin gaskiya, dokokin ba su canja ba, amma yadda ake tambayar su ya canja kuma lokacinka ba shi da yawa. Daga nan na shiga wani lesin a cikin gari, malamin yana da ƙoƙari ba laifi amma handawut ɗin da yake rabawa na SAT ta takarda ce, wadda ake ba ka dogon rubutu guda huɗu da tambaya 44 cikin minti 35 kuma zaɓin farko yawanci NO CHANGE ne. Ita ma wannan an rufe babinta, ƙasashen waje irin namu an koma kwamfuta tun Maris 2023, Amurka kuma Maris 2024. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa neman MBA, digiri na biyu a harkar kasuwanci, shi ma ya miƙo min nasa na GMAT, jarrabawar masu neman wannan digirin, mai babin gyaran jimla guda, jimloli dogaye kamar ba za su ƙare ba, alhali ita kanta GMAT ɗin ta cire wannan sashen gaba ɗaya a sabon tsarinta, tsohon tsarin an daina shi a ƙarshen Janairun 2024. Kowa da niyyar alheri ya ba ni, Allah ya saka musu, amma duk ba su ne ba.

Ana cikin haka na fara neman fasfo, don a Najeriya abin da ya fi kwanciyar hankali ka shiga da shi ɗakin jarrabawar shi ne fasfo mai rai, kar ka dogara da katin makaranta. Na cike fom a intanet da lambar NIN, na biya, aka ba ni ranar zuwa ɗaukar hoto da yatsu. Ni na biya kafin ƙarin kuɗin da ya fara aiki 1 ga Satumba 2024, wanda ya mai da mai shafi 32 naira 50,000, kuma an sake ƙarawa bayan nan, don haka ku duba farashin ranar da za ku yi. Ranar kafca sammako na yi, Baba ya ce in tafi da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma da silif ɗin NIN duk da fotokwafinsu, kuma duk an tambaya. Jira ne dai na zaman benci har bayan azahar, sai kuma jiran fitowar littafin na wasu makonni. Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne rubutun suna. Mu Hausawa sunanka ɗaya sai ka gan shi kala uku, WAEC ta rubuta Mohammed, NIN Muhammad, makarantar firamare Muhd, wani wajen sunan uba ne a gaba wani wajen na kaka. Yadda aka rubuta a fasfo, harafi da harafi, haka za ka sa a asusunka na College Board, shi ya sa na jira sai da fasfon ya zo hannuna sannan na yi rijista.

Rijistar kanta a shafin College Board ake yi, ka buɗe asusu da imel, ka amsa tambayoyi masu yawa kan makaranta da abin da kake son karanta, yawancinsu za ka iya tsallakewa, ka ɗora hoto mai haske wanda fuskarka ta fito sosai, sannan ka zaɓi rana da senta. Ni lokacin da na duba Abuja ce mafi kusa da ke da gurbi, wata makaranta mai zaman kanta, kuma gurabe suna cika da wuri don haka kar a bari sai satin rufewa. Kuɗi a 2024 dala 68 ne na rijista da dala 43 na 'yan ƙasashen waje, 111 ke nan, dala kuma lokacin tana wajen naira 1,600, ku lissafa da kanku, ya haura dubu 170. Katina na naira bai wuce ba, a lokacin katunan naira da yawa ba sa biyan kuɗin waje, sai Kawuna da ke da asusun dala ya biya min Baba ya tura masa naira. Wanda gidansu ba hali ya nemi EducationUSA, suna ƙarƙashin ofishin jakadancin Amurka a Abuja da kuma Legas, suna ba da shawara kuma suna da shirin da ke ɗaukar wa ɗalibai masu ƙoƙari marasa ƙarfi irin waɗannan kuɗaɗen, sai dai fa gasa ce ba kowa ke samu ba.

Bayan biya ne na sauke Bluebook, manhajar da ake zana jarrabawar a ciki, a laftop ɗin Yaya. Ba ta aiki a waya, sai laftop ko iPad, wanda ba shi da na'ura zai iya neman aro daga College Board amma sai ya nema aƙalla kwana 30 kafin ranar. A cikinta akwai cikakkun gwaji kyauta, kuma a nan ne na fara ganin ainihin fuskar abin. Sashen karatu da rubutu tambaya 54 ne cikin minti 64, an raba shi gida biyu, 27 a minti 32, kuma yadda ka yi a gidan farko shi ke sa a ba ka na biyu mai wuya ko mai sauƙi, mai wuyar shi ne hanyar babban maki. Babu dogon labari, kowace tambaya da ɗan guntun rubutunta. Na nahawu, waɗanda suke kira Standard English Conventions, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, tsakanin 11 zuwa 15, kuma duk da lafazi ɗaya suke zuwa, a bar maka gurbi a cikin jimla a ce wane zaɓi ne zai cike shi daidai da ƙa'idar turanci. Ni da na ci turanci a WAEC da JAMB na ɗauka nan ne zan huta, sai ga shi a nan na fi zubar da maki. Dalili kuwa da kunne nake amsawa, in karanta in ji wanne ya fi daɗi, kunnen nawa kuma turancin da muke ji a rediyo da aji da WhatsApp ya saba da shi, da Hausar da ke ƙarƙashinsa. JAMB tana son ka san ma'anar kalma da karin magana da inda ake danna murya, ita SAT ba ruwanta da wannan a wannan sashen, 'yan dokoki ne ƙalilan take ta juyawa.

Sai na sayi littafin rubutu mai shafi 40, duk tambayar da na faɗi in rubuta dokar da ta kayar da ni, ba amsar ba. Ban yi nisa ba na ga abu ɗaya ke ta dawowa, iyakar jimla. Mu a rubutunmu na yau da kullum, kamar yadda nake yi yanzu haka, waƙafi muke ta jerawa har sai numfashi ya ƙare, su kuma a wajensu haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai laifi ne babba. "The rain stopped, the farmers returned" kuskure ne, sai dai ka sa aya, ko waƙafi mai ruwa (;), ko waƙafi tare da ɗaya daga cikin and, but, or, so, yet, for, nor. Tarkon da suka fi so shi ne however da therefore, suna kama da mahaɗi amma ba sa iya ɗaure jimla biyu, dole a samu aya ko waƙafi mai ruwa kafin su in dai ɓangarorin biyu cikakku ne. Don haka abin farko da nake yi in na ga zaɓuɓɓukan kalma ɗaya ce alamomin rubutu ne kawai suka bambanta, sai in duba hagu da gurbin, akwai aikau da aikatau, wato subject da verb, da za su tsaya da ƙafarsu? In duba dama, haka? In duka biyun sun tsaya an gama magana. Kuma in ka ga zaɓi ɗaya aya ne ɗaya waƙafi mai ruwa kuma komai nasu iri ɗaya, to ka soke su duka, don aiki ɗaya suke yi ba yadda za a yi ɗaya ya zama daidai ɗaya ba daidai ba. Ruwa biyu (:) kuma sharaɗinsa ɗaya, abin da ke gabansa ya zama cikakkiyar jimla, abin da ke binsa ko jeri ne ko bayani ko kalma ɗaya ba matsala.

Sai maganar ƙarin bayani da ake cusawa a tsakiyar jimla. In an buɗe shi da waƙafi a rufe da waƙafi, in da dogon layin nan na dash aka buɗe da shi za a rufe, ba a gauraya su. Gwajin mai sauƙi ne, ka ɗauke abin da ke tsakani ka karanta, in jimlar ta tsaya lafiya to ƙari ne, in ta rushe to bai kamata a killace shi ba. Nan ne ma ake kama mutane da sunaye, "the physicist Marie Curie won" ba a sa waƙafi ko ɗaya, don in ka cire sunan ba a san wa ake nufi ba. Kuma ko aikau ya kai tsawon layi biyu ba a sa waƙafi tsakaninsa da aikatau, a makaranta an koya mana wai waƙafi wajen shan iska ne, wannan koyarwar ku ajiye ta a ƙofar senta.

Na biyu a yawan fitowa shi ne dacewar aikau da aikatau, tilo da jam'i. Dokar kowa ya san ta tun JSS, wayon da suke yi shi ne su nisanta su, su cika tsakani da sunaye jam'i. "The list of items on the tables is long", list ne mai aikin, items da tables 'yan rakiya ne, duk abin da ya biyo bayan of, in, on, with ka tsallake shi. "One of the students was", ba were ba, "each" ma tilo ne. Wata alama da na lura da ita, in zaɓi uku jam'i ne ɗaya tilo, ko akasin haka, sau da yawa wanda ya fita daban ɗin ne amsa, amma dai ka tabbatar kar ka rufe ido. Wakilin suna ma haka, kuma nan Hausa take ja mana, don mu cewa muke kamfanin sun ce, gwamnati sun hana, sai "they" ya yi mana daɗi a kunne, su kuma kamfani da hukuma da ƙungiya a turancin Amurka it ne da its. Its na mallaka ba shi da ɗigon sama, it's kuwa it is ne, sannan student's na ɗalibi ɗaya, students' na ɗalibai da yawa. Wannan in ka natsu maki ne na kyauta.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne bayanin da ake fara jimla da shi kafin a ambaci mai shi. A Hausa in ka ce yana tafiya kasuwa ruwa ya kama shi, lafiya lau, kowa ya gane yaron ne ke tafiya. A turancinsu "Walking to the market, the rain caught the boy" yana nufin ruwan ne ke takawa zuwa kasuwa. Dokar ita ce duk wanda bayanin farko yake siffantawa, shi ne zai zo nan take bayan waƙafi, "the boy was caught by the rain". Zaɓuɓɓukan irin wannan tambayar dogaye ne suna tsorata mutum, amma kalmomin farko kawai za ka duba, ka tambayi kanka wa ke yin aikin nan, duk zaɓin da bai fara da shi ba ka soke. Ku kula da na mallaka, "the boy's shirt" riga ce ba yaro ba, suna yawan sa shi. Sai lokutan aikatau, wanda ba wani abu ba ne illa ka duba sauran jimlolin guntun rubutun ka bi sahunsu, kalmar "had" kuma sai in abu ya riga wani abu faruwa a baya. Akwai kuma inda za a ba ka jimla babu babban aikatau a cikinta a sa maka mai -ing ko mai farawa da "to" a zaɓi, waɗannan su kaɗai ba sa riƙe jimla. Da na gama jera su duka ko shafi goma ban cika ba. Sauran atisayen a shafin intanet na Khan Academy na yi, kyauta ne kuma tare da College Board suka tsara shi, data ce kawai za ta ci, ni da dare nake yi lokacin da layi ya fi sauƙi.

Ana saura 'yan kwanaki Bluebook take buɗe wajen kammala shiri, daga kwana biyar kafin ranar, ka shiga ka tabbatar da bayananka ta duba na'urarka sannan ta ba ka tikitin shiga. Na tura shi imel na kuma buga a takarda a shagon kwamfuta. Jarrabawar ranar Asabar ce, na bar Kano tun kafin Juma'a, mota zuwa Kaduna sannan jirgin ƙasa daga Rigasa, na sauka Kubwa wajen Kawu. Matarsa ta ce "ɗana ka bar karatun nan haka ka kwanta", na bi maganarta bayan na cika laftop da caji, don ana so batir ya iya riƙe wajen awa uku kuma ba a yi maka alƙawarin soket ba. Ana buɗe ƙofa 7:45 a rufe ƙarfe 8, wanda ya makara shi ke nan kuɗinsa. A bakin ƙofa aka duba tikiti da fasfo, aka kalli fuskata aka kalli hoto, aka nuna min aji. Waya a kashe ake ajiye ta nesa da kai. Mai sa ido ta ba mu takardar lissafi, muka hau wayifai na makarantar, ta rubuta lambar ɗaki a allo, bayan an karanta dokoki ta faɗi lambar farawa, kowa agogonsa a kan allon kwamfutarsa yake tafiya. Gabana ya faɗi ba kaɗan ba ganin yaran manyan makarantu suna ta turanci ta hanci, amma da aka fara kowa ya yi tsit.

Abin da ya taimake ni shi ne tambayoyin a jere suke zuwa bisa iri, na ma'anar kalma da fahimtar rubutu a farko, na nahawu daga wajen tsakiya zuwa gaba, na kalmomin sadarwa irin however da for example da na haɗa bayanai a ƙarshe. A cikin gida ɗaya kana iya tsallakawa ka dawo, amma in lokacinsa ya ƙare ba komawa. Don haka ina buɗewa na wuce kai tsaye wajen na nahawu na share su da sauri tun kaina yana sanyi, ragowar mintunan na kai su kan masu dogon tunani. Akwai maɓallin soke zaɓi da na sa wa tambaya alama don ka dawo mata, ku saba da su tun a gida. Ba a rage maki don ka faɗi, kar ka bar ko ɗaya fanko. Gida na biyu ya zo min da zafi, jimlolin kimiyya masu sunaye barkatai, raina ya ɗan ɓaci sai na tuna ai zafin alama ce mai kyau. A nan na ga amfanin doka, akwai jimlar da wallahi ban gane rabin kalmominta ba amma na ga hagu cikakkiya dama cikakkiya, na zaɓi waƙafi mai ruwa na wuce. Hutun minti 10, na sha ruwa na ci dabino, sai lissafi tambaya 44 a minti 70 da kalkuleta a cikin manhajar. Duka awa biyu da minti 14 ne banda shirye-shirye, a ƙarshe amsoshin da kansu suke tafiya, kar ka rufe laftop sai ka ga ta nuna maka sun shiga.

Sakamako wajen mako biyu yake ɗauka, a asusunka za ka gani, kuma banda maki yana nuna maka ƙarfinka a kowane fanni. Fannin da na fara da shi a ƙasa, na nahawun, shi ya fi kowanne cika, na fahimtar rubutu kuwa kaɗan ya motsa duk da na ba shi lokaci, kuma ina ganin haka abin yake ga yawancinmu, saurin karatu da yawan kalmomi shekaru suke so, dokokin nan kuwa wata biyu na natsuwa ya isa. Shi ya sa in wani ya ce min zai biya lesin mai tsada nake cewa ya fara tambayar malamin tambaya nawa ce a sashen turanci yanzu, in ya ce 44 ko ya fara maganar NO CHANGE to ya riƙe kuɗinsa. Tsohon littafi in kyauta ka samu karanta babin waƙafi da na aikatau ba laifi, amma gwajin lokaci a Bluebook kawai za ka yi, kuma kar ka ƙone su duka a sati ɗaya don ba su da yawa. Ana ba ka damar tura maki kyauta zuwa jami'o'i huɗu in ka zaɓe su kafin kwana tara su wuce bayan jarrabawar, bayan nan kowace sai ka biya da dala, don haka ka shirya sunayensu tun kafin ka tafi. Masu neman shiga da wuri yawanci 1 ga Nuwamba ake rufe musu, sauran kuma farkon Janairu, toh wanda yake so ya samu damar sake zanawa in ta farko ba ta yi ba gara ya fara da ta Mayu ko Yuni ko Agusta, fasfo kuma ya nema tun kafin azumi.